Waƙar Da Ta Yi Tafiya Ba Fasfo: Nazari A Kan Faifan Aboogi

A shekara ta 1979 waɗansu samarin Abzinawa 'yan gudun hijira suka haɗu a Tamanrasset, can kudancin Aljeriya, suna kaɗa jita. Babbansu shi ne Ibrahim Ag Alhabib, wanda sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a 1963. Daga cikinsu ne ƙungiyar Tinariwen ta fito. Ba su da kamfani, ba su da ɗakin ɗaukar sauti. Duk wanda ya kawo kaset marar kome, sai su zauna su cika masa shi da waƙa. Shi kuwa ya ba ɗan'uwansa ya kwafa, direban babbar mota ya kai Agadas ko Kidal, har muryar ta dusashe saboda yawan kwafi. Ba wanda ya kira wannan sata. Gama mutanen da fari da yaƙi suka warwatsa ba su da jarida, kaset ɗin ne wasiƙarsu.

Masu fafutukar a sake wa fasaha mara sukan so irin wannan labari, kuma suna da gaskiya rabi. Da an tsaya neman izini, da waƙoƙin sun mutu a bakin masu su. Sauran rabin kuwa shi ne, mawaƙan sun yi shekara ashirin suna da suna a hamada, aljihu kuwa wayam. Sai a 2001 faifansu na fari ya shiga kasuwar duniya, a 2012 suka karɓi lambar Grammy a Amurka. Aljeriya tana da hukumar haƙƙin mallaka tun 1973, amma ina hukuma ta ga kaset ɗin da ke cikin rawanin ɗan gudun hijira?

Da wannan ido ya kamata a saurari Aboogi, faifan da ƙungiyar Imarhan ta Tamanrasset ta fitar a 2022. Waɗannan samari sun gaji da tafiya Faransa domin ɗaukar waƙa, sai suka gina nasu ɗakin ɗaukar sauti a garinsu, suka kuma sa wa faifan sunansa. Ana jin haka a cikin kiɗan. Jitar ba ta gaggawa, tafi da amshi suna zuwa kamar na mutanen da ke zaune a tsakar gida ana dafa shayi. Mafi nauyi a ciki ita ce muryar dattijo Mohamed Ag Itlale, wanda ake kira Japonais, tsohon mawaƙin Tinariwen na zamanin kaset. Ya rasu a 2021, kafin faifan ya fito. Wannan karon an ɗauki muryarsa sarai, da sunansa a rubuce.

Ba duka ne ya zauna daidai ba. Baƙon Bature Gruff Rhys, wanda ya rera da harshen mutanen Wales, muryarsa tana da daɗi, amma wurin ya fi kama da ƙofar da aka buɗe wa masu saye na Turai. Kamfanin da ya buga faifan ma, City Slang, a Balin ta Jamus yake. Ɗaki ya dawo gida, kasuwa ba ta dawo ba tukuna. A Tamanrasset kuwa, yaron da yake son waƙar yakan miƙa wayarsa ga abokinsa ya tura masa, kamar yadda ubansa ya taɓa miƙa kaset.