Gidajen Gwamnati Masu Sauƙin Kuɗi: Sharhi a Kan Kasafinsu da Riƙonsu

Gabatarwa

Duk wanda ya san manyan garuruwan ƙasar nan ya san unguwannin da jama'a ke kira Lokos ko Shagari Kwatas, ya kuma san irin halin da da yawa daga cikinsu suke ciki. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba tsarin da aka bi wajen kasafta kuɗin waɗannan gidaje da kuma riƙe su bayan an gama gini. Abin da muke son mu nuna shi ne, tun daga farko an yi wa gidajen kasafin haihuwa, amma ba a yi musu kasafin reno ba, kuma hukumar da ta fi kusa da su, watau ƙaramar hukuma, ba a ba ta iko ko kuɗi a kansu ba.

Yadda aka faro

Kafin samun mulkin kai, gidajen da gwamnati ke ginawa na ma'aikatanta ne: Turawa a unguwarsu ta musamman, akawuna da 'yan sanda da ma'aikatan jirgin ƙasa a bariki. Tunanin cewa gwamnati za ta gina wa talaka gida bai yi ƙarfi ba sai bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin man fetur ya soma shigowa. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya. Tsarin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya ɗauki alkawarin gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. A 1977 aka mai da tsohon kamfanin ba da rancen gini ya zama Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, a 1978 kuma aka yi Dokar Amfani da Ƙasa. Da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta hau a 1979, jam'iyyarta, wadda alamarta ma gida ne da masara, ta ce za ta riƙa gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha da Abuja, watau 40,000 ke nan a shekara. Zuwa 1983 kimanin 32,000 aka gama a duk faɗin ƙasar.

Galibin masu sukar waɗannan shirye-shirye a nan suke tsayawa. Su ɗauki adadin da aka yi alkawari, su ɗebe adadin da aka gina, su nuna giɓin, sannan su kawo dalilai: cunkoson jiragen siminti a tashar Legas a 1975, tsadar kwangila, faɗuwar farashin mai wadda ta jawo dokar tsuke bakin aljihu ta 1982, da jayayyar fili tsakanin gwamnatin tarayya da jihohin da ke hannun jam'iyyun hamayya. Duk wannan gaskiya ne. Amma a ganinmu irin wannan suka ta karɓi ma'aunin gwamnati ba tare da ta bincike shi ba, domin ta yarda cewa ƙidayar rufi ita ce nasara. Da a ce an gina dukkan gidajen da aka ambata, matsalar da za mu yi magana a kanta da sai dai ta ninku.

Kasafin da ba ya ganin gida bayan an buɗe shi

Kasafin kuɗin gwamnati kashi biyu ne, kamar yadda kowa ya sani: kuɗin manyan ayyuka da kuɗin ayyukan yau da kullum. Gina gida yana cikin kashi na farko. Gyaransa, da yashe magudanarsa, da sauya famfon da ya lalace, da albashin mai karɓar haya, duk suna cikin na biyu. To, kashi na farko shi ke da kwangila da bikin buɗewa da allon da za a rubuta sunan gwamna, don haka shi ke da masu kare shi a majalisa. Kashi na biyu kuwa albashi ne ke cinye mafi yawansa, abin da ya rage na gyara shi ake fara yankewa duk ranar da kuɗi suka yi ƙaranci, saboda bango ba ya yajin aiki. Sakamakon haka, gida yakan bayyana a takardun gwamnati sau ɗaya, a shekarar da aka gina shi, daga nan ya ɓace, sai ranar da ya lalace har ya isa a sake ba da kwangilar “gyara” a matsayin babban aiki. Watau tsarin da kansa ya fi saka wa wanda ya bar gida ya ruɓe a kan wanda ya toshe ɗigo tun yana ƙarami.

Abin mamaki a nan shi ne, al'ummar da aka gina wa gidajen ta daɗe da sanin abin da kasafin ya manta. Maigidan da ke zaune a ginin ƙasa a Kano ko Zariya ko Katsina ya san cewa gida ba ya ƙarewa ranar da magini ya sauko daga soro. Kafin damina sai an yi yaɓe, an duba indararo, an ga ko gara ta shiga azara. Mai hali ya shafa makuba. Wannan kuɗi ne da ake tanada kowace shekara kamar yadda ake tanadin hatsi, kuma wanda ya yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwan Agusta zai tuna masa. Da siminti da kwano suka zo, sai aka ɗauka an huta da wannan wahala. Alhali kuwa ginin bulo bai kawar da gyara ba, jinkirta shi kawai ya yi, ya kuma tara shi wuri guda. Abin da mai ginin ƙasa ke biya kaɗan-kaɗan, mai ginin siminti zai biya shi a dunƙule bayan shekara goma sha biyar ko ashirin, kuma da kayan da sai an sayo da kuɗin waje. Tsarin da bai riƙa ware wani abu kowace shekara domin wannan rana ba, bashi yake ci ba tare da ya rubuta shi ba.

Batun haya

Inda ya kamata wannan tanadi ya fito shi ne kuɗin haya, ko kuɗin da mazauna ke biya a hankali domin su mallaki gidan. A nan ma akwai aibi iri biyu. Na farko, akan yanke kuɗin sau ɗaya a bar shi shekara da shekaru, domin babu gwamnatin da ke son a ce ita ta ƙara wa talaka haya. A 1985 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba; bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ta kai wajen naira 4 a 1987, ta wuce naira 20 a 1993. Hayar da aka yanke kafin wannan lokaci, ko da an karɓe ta cif, ba za ta sayi abin da ta saba saye na kwano da fenti ba. Na biyu, kuma shi ya fi muni, kuɗin da aka karɓa yakan faɗa babban asusun gwamnati ne, ya gauraya da sauran kuɗin shiga. Mazaunin da ya biya ba ya ganin alaƙa tsakanin rasiɗinsa da magudanar ƙofar gidansa. Idan ya ga ya biya ba a gyara ba, sai ya daina biya. Hukuma kuma ta ce ba ta gyara ba don ba a biya ba. Wanda ya samu gidan ta hanyar siyasa ma, tun farko kallon rabonsa na arzikin ƙasa yake yi masa, karɓar haya a wurinsa sai ta zama kamar neman faɗa.

Kada a fahimce mu da cewa muna kiran a ɗora wa mai ƙaramin albashi hayar kasuwa. Rangwame abu ne mai kyau, shi ne ma dalilin gina gidajen. Abin da muke suka shi ne rangwamen da ba a rubuta shi a kasafi ba. Idan gwamnati ta ga dama ta rage wa mazauni rabin abin da riƙon gidansa ke ci, to ta rubuta rabin nan a fili, ta biya shi ga mai riƙon gidan. In ba ta yi haka ba, ginin ne ke biyan rangwamen da jikinsa.

Ina ƙaramar hukuma?

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kafa guda 301, waɗanda yanzu suka zama 774. Tsarin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, sun ɗora musu gyaran tituna da magudanai, da kwashe shara, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da ƙiyasta gidajen jama'a domin karɓar harajin gini. Gina gidaje ko riƙe su ba ya cikin ayyukan da aka lissafa musu. Dokar 1978 kuma ta sa filayen birane a hannun gwamna. Saboda haka sai a tsara unguwa a Legas, a ba da fili daga fadar jiha, sau da yawa can bayan gari inda babu ruwa, babu makaranta, babu mota, sannan a wayi gari sharar unguwar da kwatarta sun zama nauyin ƙaramar hukumar da ba a shawarce ta ba, wadda kuma ko sisin hayar ba ya zuwa hannunta. A jihohin Kano da Kaduna an soke haraji da jangali a 1979. Ko mene ne ra'ayinmu game da adalcin wannan mataki, ya rage wa ƙananan hukumomi kuɗin da suke tarawa da kansu, ya ƙara jingina su ga kason tarayya, wanda shi kuma ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi.

Nisan mai tsarawa da mazauni ya fito har a siffar ginin. Yawancin gidajen Shagari ɗaki ɗaya ne da falo, zane iri ɗaya daga Sakkwato har Kalaba. Babu zaure inda maigida zai karɓi baƙo, babu tsakar gida mai sirri inda mata za su yi aiki, ba a kuma yi tunanin mai mata biyu ba. Me ya biyo baya? Mazauna suka ja katanga, suka ƙara ɗakuna, wasu a kan magudana ko hanyar bututu. Jami'i yakan kira wannan ɓarna, mu kuwa muna ganinsa a matsayin gyaran kuskuren mai zane, wanda mazauni ya biya daga aljihunsa. Sai dai da yake ba wata hukuma ta kusa da ta tsara yadda za a yi ƙarin, abin da ya gyara gida ɗaya yakan tare wa unguwa duka hanyar ruwa.

Abin da wasu suka yi

A Ingila ƙananan hukumomi ne suka gina gidajen haya na jama'a tun bayan dokar 1919, su ne kuma suka riƙe su shekaru da dama. Dokar 1989 ta killace asusun gidajen, ta yadda kuɗin haya ba zai tafi wani aiki dabam ba. A Singafo, inda kimanin kashi 80 cikin ɗari na 'yan ƙasa ke zaune a gidajen da hukuma ta gina, dokar 1988 ta kafa majalisun unguwanni masu karɓar kuɗin hidima kowane wata, kuma tilas su ware wani kaso a asusun ajiya domin manyan gyare-gyare. Ba mu kawo waɗannan don sun tsira daga aibi ba. Gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta ci rayuka 72, ta faru ne a gidan ƙaramar hukuma, bayan mazauna sun daɗe suna kuka. Abin lura dai shi ne, a can akwai takamaiman asusu da takamaiman hukuma da za a iya tuhuma. Mazaunin Lokos ɗinmu idan kwata ta toshe, sau da yawa bai ma san ofishin da zai kai ƙara ba.

Sayarwa

Da nauyi ya yi yawa, mafitar da gwamnatoci suka zaɓa ita ce sayarwa. Manufar mai da alawus ɗin ma'aikata kuɗi ta 2003 ta kai ga sayar da gidajen gwamnatin tarayya, jihohi da dama kuma sun sayar wa mazauna nasu. Ga gida mai zaman kansa wannan ya yi amfani, domin mai abu ya fi kula da rufinsa. Amma titi da magudana da tankin ruwa da matakalar bene ba su da mai saye, sun zauna ba na kowa ba. Kuɗin sayarwar ma, da yake babban asusu ya shiga, ba lalle ne ya koma ga gina wasu gidajen ba. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ke cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, rancen mallaka yake bayarwa, bai shafi riƙon unguwa ba.

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko da an aiwatar da hukuncin yadda ya kamata, ba zai taɓa waɗannan unguwanni ba sai an yi wasu abubuwa da ba su buƙatar gyaran tsarin mulki. Majalisar jiha tana iya miƙa wa ƙaramar hukuma riƙon kayan tarayya na unguwa, ta ba kowace unguwa asusunta da ba a taɓa shi don wani aiki, wakilan mazauna su sa hannu tare da ma'aji, a kuma liƙa lissafin shekara a ƙofar masallaci da coci da ofishin mai unguwa. Kafin wannan duka akwai aikin da ya fi sauƙi, wanda ɗaliban sassan tsara birane da safiyo na jami'o'inmu za su iya yi a hutu guda: rajistar kowace unguwa, gida nawa ne, wanne aka sayar, wanne ke hannun hukuma, wa ke ciki, kuma yaushe aka yi wa rufinsa gyara na ƙarshe.