Talaka a Littafin Misalai: Karatu Biyu

A 1990 malamin nan na Ingila, R. N. Whybray, ya fitar da nazarinsa kan arziki da talauci a Littafin Misalai na Tsohon Alkawari. A ganinsa masu hikimar Isra'ila sun ɗauki talauci abu ne da ba ya gushewa: suna kwaɗaitar da sadaka, suna tsawatar wa mai zaluntar talaka, amma ba su taɓa tunanin kau da shi ba.

A 2008 Lechion Peter Kimilike, ɗan Tanzaniya, ya ƙi wannan fassara. Ya jera ayoyin da karin maganar Afirka, ya ce a bakin jama'a karin magana makami ne na gyaran zaman tare, kuma malaman Turai sun karanta shi a takarda, nesa da dandalin da ake furta shi.

Hujjarsa tana da ƙarfi, ko da yake Westermann da Golka, Jamusawa, sun riga shi kwatanta Misalai da karin maganar Afirka. Inda ya yi rauni shi ne kyautata zaton da ya yi wa hikimar gargajiya baki ɗaya. Bahaushe da ya ce talauci ba ya kau da ƴanci, shi ne kuma ya ce talauci ƙanƙanci. Na farkon yana tsare mutuncin talaka. Na biyun kuwa, in ya fito daga bakin attajiri a gaban mai neman rance, wulakanci ne tsantsa, kuma irin wannan bakin ne Kimilike bai saurara sosai ba.