Jinjina ga Maƙeran Jirgin Kara

A Japan, kamfanin Tamiya yana sayar da ɓangarorin jirgin yaƙin Mitsubishi G4M mai inji biyu, wanda aka ƙanƙanta sau 48, mai saye ya harhaɗa bisa takardar bayani. Yaran ƙauyukan Dambatta da Bichi kuwa ba su jiran takarda. Da an girbe dawa sai su zaɓo kara, su fere ɓawonsa da reza, su sassaƙa totuwa, su kafe fukafukai da farfela biyu da ƙayar aduwa. Ido ne ma'auninsu, don in fiffike ɗaya ya ɗara, jirgi ya karkace. Ƙanne na kallo, suna ɗaukar hannu. Sannunku da aiki, samari, Allah ya ƙara basira.