Sharhi Kan Ƙa'idar Turai Game da Lanƙwasar Azarar Ƙarfe Marar Tsatsa

Ƙa'idar Turai mai lamba EN 1993-1-4, wadda ta fito a 2006, ta aro tsarin lissafinta daga na ƙarfen gini na yau da kullum, ta yi masa 'yan gyare-gyare. A nan ne muke da ja. Shi ƙarfen yau da kullum yakan riƙe taurinsa har ya kai wani mizani sananne, sa'an nan ya saki. Marar tsatsa kuwa a hankali yake saki, don haka aka ɗauki nauyin da ke bar masa dawwamammiyar miƙewa ta kashi 0.2 cikin ɗari a matsayin iyakarsa. To amma tun kafin a kai nan taurin ya fara raguwa, doguwar azara, wato bim, tana iya kaucewa gefe ta murɗe. Gajeriya mai kauri kuwa ƙara ƙarfi take yi bayan ta wuce iyakar, lissafin bai ba ta haƙƙinta ba, ga shi ƙarfen da ɗan karen tsada. A ganinmu, duk gwajin da bai auna karkatar da azara ta taho da ita daga masana'anta ba kafin a ɗora mata nauyi, bai isa hujja ba.