MASARAR GARKA DA MAGANAR "GMO": INA GASKIYAR TAKE?



Mu nan ƙasar Daura gero da wake ne abin gadonmu, don ruwanmu bai kai na Funtuwa ba. Duk da haka da wuya ki shiga gida a Zango, Sandamu ko Mai'aduwa da damina ba ki tarar da 'yan layukan masara a garka ko jikin katanga ba. Ita ce ke fara nuna, ita ke rufa asiri kafin sabon gero ya shigo, a gasa wa yara, a dafa ta sayarwa. Kuma yawanci aikin mata ne.

To kwanaki a gidan suna na ji wata baiwar Allah tana rantsuwa ta tuge masararta kaf, wai an turo mata a waya cewa irin zamani yana hana haihuwa. Na ce, "Yaya, wane iri kika shuka?" Ta ce oho, a kasuwa aka auno mata. Wannan "oho" ɗin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da abin da ya tabbata. A 2016 wata baƙuwar tsutsa daga nahiyar Amurka ta ɓulla a Nijeriya, mai shiga cikin ƙoƙon masara ta cinye ta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, ta yi aiki a kan wata masara da ake kira TELA. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa mai suna Bt aka sa mata, tsutsa in ta ci sai ta mutu. Hukumar NBMA mai sa ido kan irin wannan aiki, wadda aka kafa a 2015, ta amince da ita a 2021. A Janairun 2024 aka ba da izinin sayar da iri huɗu: SAMMAZ 72T, 73T, 74T da 75T. Kafin nan, a 2019, an fitar da waken SAMPEA 20-T ta wannan hanya. Wannan shi ne GMO ɗin da kike ji.

Sukata ta farko tana kan masu yaɗa ji-ta-ji-ta. Babu binciken da ya tabbatar da cewa masarar Bt tana hana haihuwa. Mutanen Afirka ta Kudu sun haura shekara 20 suna tuƙa tuwo da irinta. Masu cewa in an ajiye irinta ba ya tsira, su ma ba haka ba ne, yana tsira. Sa'annan ba kowane irin leda ne GMO ba. Mafi yawan irin zamani aure kawai aka haɗa tsakanin masara da masara. Ita kuwa baiwar Allah can, ƙila ma irin kakarta ta tuge. Abin da babba ya ce ne, rashin sani ya fi dare duhu.

Sukata ta biyu kuwa tana kan masu abin. Kun yi taro a Abuja da Turanci, kun yanke, amma wa ya zo tsakar gida ya yi wa mai garka bayani da Hausa? Doka ta ce a sa alama a jikin kayan GMO. To mu da tiya ake auna mana a kasuwa, a ina za a manna alamar? Har Majalisar Wakilai a 2024 ta nemi a dakata a yi bincike, ina ga mace mai ɗaki? In ka bar mutum cikin duhu, kada ka ga laifinsa in ya ɗauki igiya maciji.

Ni kuwa abin da ya fi damuna ba tukunya ba ne, rumbu ne. TELA irin aure ce. In kika ajiye 'ya'yanta kika shuka baɗi, yabanyar ba za ta yi kamar uwar ba, amfani zai ragu. Ke nan kowace damina sai kin kwance bakin zane. Mai babbar gona da ke asarar kuɗi wajen feshi yana iya cin riba da ita, ba na musu. Amma mai layi goma, wadda za ta iya bin masararta da safe ta tsince tsutsa da hannu ko ta barbaɗa toka, sai ta yi lissafi tukuna.

Akwai kuma maganar iska. Bununin masara iska ke kwasarsa ta kai kan gemun ta maƙwabta. In maƙwabcinki ya shuka TELA, irin da kika ajiye na iya gauraya. Gero da dawa dai ba ruwansu, masara sai masara.

Don haka ga shawarata. Kada ki sayi irin shuka a buɗe. Ki nemi mai suna a jikin leda, a karanta miki. In kina shakka, maigida ya tambayo malamin gona na KTARDA. In kina son irin gidanku ya tsira da asalinsa, ki sa tazarar sati uku zuwa huɗu tsakanin shukarki da ta maƙwabci, ki zaɓi manyan goyo daga tsakiyar garka, ki rataye saman murhu yadda Inna take yi.

Wadda ta ga dama ta shuka TELA, wadda ta ga dama ta riƙe na gado. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mace ta shuka abin da ba ta san sunansa ba, ko ta tuge abincin 'ya'yanta don saƙon waya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.