Kachalar Nan Aikin Wa Ne?

Jama'a, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan Kogin Haɗeja ya daina janyewa da rani, sai kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye fadamu, jan-baki ya mai da ita masauki.

A ƙasar Guri manoma da masunta ne ke gayya, su faɗa ruwa iya wuya suna sara da lauje. Madalla, amma fa lauje ba ya yashe kogi. A 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, ranka ya daɗe ciyaman, nawa aka ware wa kachala, wa kuma ya ga takardar?