4.3 Tarke a Kan Dabarar Raba Ƙafa ta Cibiyar Samaru da Darasinta ga Zuru

Wannan sashe zai yi tsokaci ne a kan yadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take bi da buƙatu masu karo da juna wajen miƙa sakamakon bincikenta ga kamfanoni. An zaɓi wannan cibiya ne saboda Jihar Kebbi tana cikin shiyyar da aka ɗora mata alhakin kula da ita, kuma dawa da wake, waɗanda su ne ƙashin bayan noman ƙasar Zuru, suna cikin amfanin gonar da take bincike a kansu.

An fara aikin bincike a Samaru a 1922, aka kuma haɗe cibiyar da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Idan aka duba da kyau za a ga cewa iyayen gijinta huɗu ne. Jami'a tana auna ma'aikaci da yawan maƙalun da ya wallafa kafin ta yi masa ƙarin girma. Gwamnati, wadda ke biyan kuɗi, tana son ganin abinci ya yawaita cikin gaggawa. Kamfani yana son irin da zai sayar ya ci riba. Manomi kuwa yana son iri mai araha wanda zai iya ajiyewa a rumbu ya shuka baɗi. Waɗannan buƙatu ba sa tafiya tare. Alal misali, masara mai aure ta fi yi wa kamfani daɗi domin dole a sake sayenta kowace damina, alhali abin da ƙaramin manomi ke gudu ke nan.

Dabarar da cibiyar ta ɗauka ita ce raba aiki. Ita takan samar da irin tushe, kamfanonin iri su yawaita shi su sayar, malaman gona na jihohi su kai bayani ƙauye. Ta haka kowane ɓangare yakan sami abin nunawa. Misalai biyu za su fito da ƙarfin wannan dabara da kuma rauninta.

Misali na farko shi ne dawar nan SK 5912, wato gajerar kaura, wadda aka tace a Samaru. Lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya da na lemon tsiro sun koma ga dawa, kuma wannan iri yana cikin waɗanda suka dogara da su. A nan bincike ya sadu da masana'anta. Sai dai abin lura shi ne, matsin da hanin ya jawo ne ya kawo kamfanonin, ba wani shiri da cibiyar ta yi na neman su ba. Bugu da ƙari, abin da masana'anta ke so a dawa, wato ƙwaya iri ɗaya mai saurin tsira, ya bambanta da abin da magidanci a Dabai ko Ribah yake dubawa: daɗin tuwo, jure ajiya, da dogon kara na darni da abincin dabbobi.

Misali na biyu shi ne waken SAMPEA 20-T, wanda aka amince a sake shi a Disambar 2019 domin ya jure wa tsutsar da ke cin fure da kwanson wake. Ƙwayar halittar da aka sa masa ta kamfanin Monsanto ce, wanda daga baya ya koma hannun Bayer, kuma an same ta ba tare da biyan kuɗin mallaka ba ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi. Wannan mai shiga tsakani shi ya sauƙaƙa wa cibiyar: kamfani ya riƙe haƙƙinsa, malamai suka wallafa bincikensu, aka kuma bi dokar kula da sauya halitta ta 2015. A ra'ayin wannan nazari, wannan tsari ya fi na farko ma'ana domin an zauna an tsara shi tun farko. Amma duk da haka, sulhun ya tsaya ne a tsakanin manya. Kai iri ƙauye an bar wa kamfanonin iri, su kuwa sukan fi zuba kayansu inda ciniki ya fi kauri.

Bisa ga haka, babban raunin dabarar shi ne rashin wanda za a tuhuma idan iri bai isa gona ba. Hausawa sun ce tuwon girma miyarsa nama, amma a nan mai binciken da ya sadaukar da damina yana gwaji a gonakin manoma ba ya samun ladan da mai wallafa maƙala yake samu. Dokar Bayh-Dole ta Amurka ta 1980 ta bai wa jami'o'i mallakar abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati, Nijeriya ma ta yi dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri a 2021. Irin waɗannan dokoki suna ƙarfafa hannun jami'a da kamfani, amma ba su tanadi muryar manomi ba.

Daga ƙarshe, wannan batu ya shafi Zuru kai tsaye, domin a 2020 aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garin, a gurbin tsohuwar Kwalejin Aikin Gona. Ita ma za ta fuskanci waɗannan iyayen giji huɗu. Ya kamata ta sanya gwajin iri a gonakin manoma cikin ma'aunin ƙarin girma, ta kuma shardanta wa duk kamfanin da za ta bai wa irinta ya kai shi kasuwannin masarautar kafin saukar ruwan shuka. Sashe na gaba zai dubi rawar da malaman gona na Jihar Kebbi suke takawa a wannan fage.